Dalma da Hankalin Yara: Labarin Likita Needleman da Abin da Ya Auku a Zamfara

Babu wanda bai san dalma ba a ƙasar nan. Maharba su kan zuba ta su yi harsashi, masunta su kan ɗaura ta a bakin koma don ta nitse, masu gyaran mota kuwa kullum suna ganinta a cikin batir. Ƙarfe ce mai nauyi, mai taushi, wuta kaɗan ta ke so ta narke, ga shi ba ta tsatsa. Saboda waɗannan halaye nata mutane suka yi ta aiki da ita tun zamanin Rumawa, har ma kafin su. Tun a wancan zamani kuma aka san guba ce, gama masu narka ta su kan kamu da ciwon ciki mai tsanani, wani lokaci hannuwansu su shanye. Abin da aka daɗe ba a gane ba shi ne ɓarnar da ɗan ƙanƙanen abu daga cikinta ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro ƙarami, yaron da ke guje-gujensa, wanda ko uwarsa ba ta ga alamar cuta gare shi ba. Mutumin da ya fi kowa shan wahala wajen tabbatar da wannan wani likita ne Ba'amurke, sunansa Herbert Needleman. A ƙasarsu ya yi aikinsa, amma mutanen Zamfara suna da dalilin sanin labarinsa fiye da mutanen wurare da yawa.

Kafin mu zo kansa sai mu ɗan waiwaya baya. Tun wajen shekarar 1892 likitocin birnin Brisbane, a ƙasar Ostareliya, suka fara ganin ana kawo musu yara da shanyewar ƙafa da ciwon ido da suma. Cikin 1904 ɗaya daga cikinsu, Lockhart Gibson, ya gano tushen abin. Ashe fentin da a ke shafa wa katakon baranda da dalma a ke haɗa shi, in rana ta gasa shi sai ya zama gari, yara su dafa, su kai hannu baki. Daga nan likitoci suka san cutar, amma suka ɗauka hanya biyu kaɗai gare ta: ko yaro ya mutu, ko kuwa ya tashi garau kamar ba a yi ba. Sai cikin 1943 wani likita na birnin Boston, Randolph Byers, tare da wata masaniyar halayen yara, Elizabeth Lord, suka bi sawun yara 20 waɗanda aka sallama daga asibiti da sunan sun warke. Suka tarar 19 daga cikinsu sun kasa a makaranta, waɗansu ba su iya karatu, waɗansu ba su iya zama wuri ɗaya, waɗansu faɗa da cizo. Wannan magana ta isa ta ta da hankalin hukuma, amma ba ta tayar ba.

Dalili kuwa, dalma ta riga ta zama babbar dukiya. Tun 1923 aka fara zuba wani haɗi nata cikin man fetur don injin mota ya daina ƙwanƙwasa, sa'an nan kowace mota ta zama mai fesa ta cikin iska. Kamfanonin da ke sayar da ita su ne ke biyan mafi yawan masu bincike a kanta shekara da shekaru, babbansu wani likita Robert Kehoe, wanda ya tsaya a kan cewa jiki yana iya fitar da abin da ya shiga, muddin bai wuce wani haddi ba. Wanda ya ba ka tuwo, da wuya ka ce miyarsa ba gishiri.

An haifi Needleman a birnin Filadelfiya cikin 1927, ya sami takardar likita a Jami'ar Pennsylvania cikin 1952, ya zama likitan yara. Cikin 1957, yana aiki a asibitin yara na garinsu, aka kawo wata yarinya 'yar wajen shekara uku a some. Ya gane dalma ce, ya ba ta magani, bayan kwanaki ta farfaɗo. Ya kira uwar, yana murna, ya ce mata 'yarta ta tsira, amma fa kada a koma da ita wannan gida, gama fentin bangon shi ne ya kusa kashe ta. Uwar ta dube shi ta tambaye shi ina za ta koma, tun da duk gidan da ta ke iya biyan hayarsa irin wannan ne. Shi da kansa ya sha ba da labarin nan har tsufansa, yana cewa ranar ce ya gane maganin da ke hannunsa bai kai ga inda cutar ta ke ba.

Daga baya ya ƙaro ilmi, ya zama likitan hankali, aka sa shi aiki a wata unguwar matalauta ta arewacin Filadelfiya. Tagar ofishinsa tana duban filin wata makaranta. Kullum ana kawo masa yara waɗanda malamai suka gaji da su, wannan an ce daƙiƙi ne, wancan an ce ba ya ji, shi kuwa yana duban filin nan yana tambayar kansa, shin nawa ne daga cikin waɗannan dalma ta taɓa tun suna rarrafe ba wanda ya sani? Tambayar tana da sauƙi, amsarta ce da wuya. Dalmar da ke cikin jini ba ta daɗewa. Cikin wata ɗaya ko makamancin haka rabinta ya bar jinin, ya koma cikin ƙashi ya ɓuya. Saboda haka in ka auna jinin yaro ɗan shekara bakwai, ba zai gaya maka abin da ya ci yana ɗan shekara biyu ba. Ƙashi shi ke riƙe da labarin, amma wa zai yarda a yanki ƙashin ɗansa mai lafiya?

To, a nan ne dabararsa ta fito. Akwai ƙashi ɗaya wanda kowane yaro ke yarwa da kansa, ba wuƙa ba jini, watau haƙorin famfara. Jiki ba ya bambanta dalma da sinadarin da ya ke gina ƙashi da shi, saboda haka duk dalmar da ta shiga sa'ad da haƙori ke girma sai ta zauna a ciki. Jini kamar sawu ne a kan rairayi, iska ta zo ta shafe. Haƙori kuwa rubutu ne a kan dutse. Mu a nan yaro ya kan jefar da haƙorinsa ya toshe baki kada ƙadangare ya ga giɓin. Needleman kuwa roƙo ya yi ta yi a kawo masa. Ya fara da Filadelfiya, ya tarar haƙoran yaran cikin gari sun ninka na yaran bayan gari wajen sau biyar a yawan dalma.

Cikin 1971 ya koma Jami'ar Harvard, ya shirya babban aikin da ya sa aka san sunansa. Ya zaɓi garuruwa biyu na ma'aikata da ke gefen Boston, Chelsea da Somerville, ya nemi taimakon malaman aji ɗaya da aji biyu. Duk yaron da haƙorinsa ya faɗi ya kawo wa malamarsa, a ba shi 'yar kyauta. Da haka aka tara haƙoran yara fiye da 2,000. Kana ya ba malaman wata takarda mai tambayoyi 11 a kan kowane yaro, amsarsu i ko a'a. Hankalinsa yana saurin ɗaukewa? Yana iya nacewa a kan aiki har ya gama? Yana bin umurni in an ce yi kaza sa'an nan kaza? Yana saurin fushi in abu ya gagare shi? Yana zama ya yi zuru, jikinsa a aji zuciyarsa a wani wuri? Malaman ba su san abin da ke cikin haƙoran ba, masu auna haƙoran kuma ba su san abin da malaman suka rubuta ba. Wannan shi ne ginshiƙin aikin, domin kada son zuciya ya sami ƙofar shiga.

Da aka jera yaran aji-aji bisa ga yawan dalmar haƙoransu, daga mafi ƙaranci zuwa mafi yawa, sai abin ya fito kamar matakalar bene. Kusan kowace tambaya, gwargwadon yadda dalma ta ƙaru, gwargwadon yadda ƙorafin malamai ya ƙaru. Bai tsaya nan ba. Ya ware yara 158, 58 masu dalma da yawa, 100 masu kaɗan, aka yi musu jarrabawar basira ɗaya-ɗaya. Ya san za a ce masa ai talauci ne, ko kuwa iyayen ne ba su yi karatu ba, don haka ya auna har basirar iyayen da ilminsu da sana'arsu, abubuwa 39, ya yi lissafinsu. Duk da haka masu dalma da yawa suka zo baya da maki huɗu da rabi. Ba kuwa ko ɗaya daga cikinsu da aka taɓa kwantarwa saboda gubar dalma. Aka buga wannan cikin watan Maris na 1979 a wata babbar mujallar likitoci ta Boston.

Mai karatu zai ce, maki huɗu da rabi a ma'aunin da tsakiyarsa 100 ne, wannan har wani abu ne? Ga yaro ɗaya, gaskiya, ba lalle a lura ba. Amma a ɗauki misalin gona. In kowane kan gero ya rasa 'yan ƙwayoyi, mai wucewa ba zai ga kome ba, sai ranar da aka zo cika rumbu. Haka abin ya ke ga gari. In aka ja kowane yaro baya kaɗan, waɗanda dā ke bakin gaɓa sai su faɗa cikin waɗanda ba su iya karatu sam, su yi yawa ƙwarai, waɗanda kuma dā za su zama zaƙaƙurai, su ne alƙalai da likitocin gobe, sai su koma tsaka-tsaki. Ba a jana'izar irin wannan hasara, shi ya sa ba a ganinta.

Bayan shekara 11 ya sake nemo 132 daga cikin yaran nan, sun zama samari da 'yan mata. Ya buga abin da ya gani cikin 1990. Waɗanda haƙoransu suka fi dalma, haɗarin su bar makarantar sakandare ba su gama ba ya ninka na sauran wajen sau bakwai, na naƙasar karatu kuma kusan sau shida. Cikin 1996, yana Jami'ar Pittsburgh, ya auna ƙashin yara maza 301, ya ga masu dalma da yawa sun fi shiga faɗa da ɓarna.

Ba a bar shi haka kawai ba. Cikin 1991 waɗansu masana biyu, Claire Ernhart da Sandra Scarr, waɗanda aka ɗauka su ba da shaida a gefen kamfanoni cikin wata shari'ar dalma, suka kai ƙararsa ga hukuma cewa ya yi maguɗi a lissafin 1979. Ga mai bincike babu zargin da ya fi wannan muni, daidai ya ke da a ce wa alƙali ya ci hanci. Aka kulle takardunsa, jami'arsa ta kafa kwamiti. Shi kuwa ya nace sai a yi zaman a bainar jama'a, ba a ɗaki a rufe ba, aka kuwa yi cikin 1992. Kwamitin jami'a da hukumar gwamnati duka suka ce babu maguɗi. Sun dai sami kurakurai cikin yadda ya bayyana zaɓen yaran, har ya buga gyara cikin 1994, kuma adalci ne a faɗi wannan. Amma da aka sake lissafin, amsar ba ta sauya ba. Abin da ya rufe gardamar ma ba kwamiti ba ne. Waɗansu masana dabam ne, a Ostareliya da Kosovo da birnin Meksiko da garuruwan Amurka, waɗanda suka bi yara tun daga haihuwa suna auna jininsu shekara-shekara. Cikin 2005 aka haɗa binciken wurare bakwai, yara 1,333, aka ga abin da ya faɗa haka ya ke, har ma ɓarnar ta fi sauri a farkon shigar dalma jiki. A ganina wahalar nan ta shekara uku ba a banza ta tafi ba, gama aikin da aka tone shi haka aka rasa abin rushe shi ya fi wanda ba a taɓa ba ƙarfi.

Ga yadda za a gane tasirin aikinsa. Likitoci suna auna dalmar jini da wani ɗan ma'auni, maikurogiram, watau kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a cikin kowane kashi ɗaya cikin goma na lita. Sa'ad da Needleman ya fara aiki, sai yaro ya kai 60 a ke cewa akwai damuwa. Aka sauko da shi 40 a farkon shekarun 1970, 30 cikin 1975, 25 cikin 1985, 10 cikin 1991, 5 cikin 2012, har 3.5 cikin 2021. Yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a san wani gwargwado da ba ya cutarwa ba. Amurka ta hana fentin dalma a gidaje cikin 1978, ta rage dalmar fetur ƙwarai cikin 1985, ta hana ta ga motoci cikin 1996. Matsakaicin abin da ke jinin yaransu, wanda ya ke wajen 15 a ƙarshen shekarun 1970, ya faɗi ƙasa da 4 a farkon shekarun 1990. Ba shi kaɗai ya yi wannan ba. Akwai Clair Patterson, masanin duwatsu, wanda ya nuna yadda dalmar fetur ta cika duniya. Akwai kuma talakawan da abin ya fi ci, baƙaƙen fata da baƙi masu magana da harshen Sifaniyanci, mazauna tsofaffin gidajen haya. Cikin 1969 samarin Puerto Rico na unguwar Harlem ta Gabas a birnin New York suka riƙa bi gida-gida tare da ɗaliban likita suna gwada yara, don su kunyata hukumar birnin. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, har da Nijeriya, sun yi alkawari a taron Dakar na 2001, zuwa farkon 2006 suka bar fetur mai dalma. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, cikin 2021. Needleman bai ga wannan rana ba, ya rasu cikin Yuli na 2017, yana da shekara 89.

Yanzu sai mu dawo gida. Haƙar zinariya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zamfara. An yi ta sosai a shekarun 1930, lokacin ana Lardin Sakkwato, daga baya ta ja baya. Abin da ya farfaɗo da ita farashi ne. Awon da a ke kira oza, wanda bai kai dala 300 ba cikin 2001, ya wuce dala 1,000 cikin 2009. Manomin da ke jiran damina ɗaya a shekara ya ga zai iya samun abin da ya fi amfanin gonarsa daga dutsen da ke bayan garinsu. Wa zai ga laifinsa? Sai dai dutsen da aka faɗa wa a ƙasar Anka da Bukkuyum, yamma da Gusau, ba irin wanda aka saba ba ne. Cike ya ke da dalma, wani ma kashi 10 cikin 100 nasa dalma ne ko fiye.

Zinariyar kuwa ƙanana ce ƙwarai, ba ta fita sai an mai da dutsen gari. Maza su haƙo su kawo gida cikin buhuna, a farfasa da guduma, a kai injin niƙa, wani lokaci injin da a ke niƙa hatsi, mata su daka a turmi, a shanya a tsakar gida, a wanke a bakin rijiya ko kududdufi, a kama zinariyar da zaiba. Duk inda aka yi wannan ƙura ta kan tashi ta sauka a ƙasa, a kan tabarma, a kan ƙwarya. Babba zai shaƙa ya ji ciwon kai ko ciwon ciki. Amma yaro mai rarrafe hannunsa kullum tsakanin ƙasa da baki ya ke, hanjinsa kuma yana tsotse dalma ninki huɗu ko biyar fiye da na babba, balle in cikin ba abinci, ko jininsa ya yi ƙaranci. Agwagin ƙauyukan nan su suka fara mutuwa, ba wanda ya kawo kome a ransa.

Cikin watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa suna zagayen neman sanƙarau, kamar yadda a kan yi da bazara, sai suka ji labarin ƙauyukan da yara ke mutuwa da yawa. Suka tarar da yara suna amai, suna jijjiga, suna suma. Aka ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, aka ba su na sanƙarau, ba wanda ya yi aiki. Waɗansu iyaye sun ɗauka iska ce. Da likitocin suka lura da duwatsun da a ke niƙawa, suka aika da jini ƙasar Jamus, amsa ta dawo: dalma. Cikin watan Mayu ma'aikatan Hukumar Hana Yaɗuwar Cututtuka ta Amurka tare da na Nijeriya suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. Daga waɗanda suka rage aka auna, 97 cikin 100 sun wuce 45, haddin da a ke fara ba da magani. Na'urar hannu da aka zo da ita iyakarta 65, yara da yawa sun wuce abin da ta ke iya karantawa, waɗansu suna cikin ɗaruruwa. Ƙasar da doka a Amurka ta yarda yaro ya yi wasa a kanta a lokacin, kada dalmarta ta wuce kashi 400 cikin miliyan. A waɗansu wurare a nan an sami fiye da 100,000. An ƙiyasta yara 400 ko fiye suka rasu a farkon annobar. Masana sun ce ba a ga irinta ba a wannan zamani.

Abin lura shi ne yadda aka ɓullo wa aikin. Likitocin suka ce ba amfani a ba yaro magani a mai da shi gidan da ya ɗauko cutar, watau dai maganar matar nan ta Filadelfiya ce ta 1957 ta zama ƙa'ida. Saboda haka sai a fara da ƙasa. Sarakunan Anka da Bukkuyum suka ba da umurni a fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics, da Cibiyar Blacksmith, da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Zamfara suka ɗauki mutanen ƙauyukan aiki. Da fartanya da shebur da baro aka kankare saman ƙasar kowane gida, aka kai rami aka binne, aka kawo sabuwa mai tsabta aka shimfiɗa. Aka yi tsere da damina a Dareta da 'Yargalma cikin Yuni na 2010, kana aka bi Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Tungar Guru. Gidan da aka gama, sai a fara ba yaransa wani magani mai suna DMSA, wanda ke kama dalmar jini ya fitar da ita ta fitsari.

Bagega ce ta sha jira. Ita ce mafi girma, can ne kuma babban wurin niƙa. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin kuɗi, kuɗin ba su fito ba, yara wajen 1,500 suna zaune cikin gubar, likitoci suna kallo ba dama su fara. Sai da ƙungiyoyin kare hakkin ɗan Adam suka yi ta magana, wani saurayi Hamzat Lawal da abokansa suka ta da gangami ta intanet cikin 2012, sa'an nan aka saki kuɗin cikin Janairu na 2013, aka share garin a wannan shekara. Gaba ɗaya ƙauyuka takwas, gidaje fiye da 800. Matsakaicin awon jinin yaran ya sauko daga wajen 149 zuwa 15 cikin shekara huɗu. Likitoci Na Gari Na Kowa sun gwada yara fiye da 8,000, sun ba fiye da 3,500 maganin, kafin su miƙa aikin ga gwamnatin jiha cikin 2022. Irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙasar Rafi ta Jihar Neja cikin 2015, ta kashe yara 28.

Amma a duba lambar nan da kyau. 15 da aka yi murnar saukowa gare ta, ita ce ta ninka haddin yanzu sau huɗu, kuma a irin wannan gwargwado ne Needleman ya ga hankalin yara yana raguwa. Har wa yau akwai wani bincike da aka yi a Amurka a kan yara 780, aka buga cikin 2001, wanda ya nuna maganin nan yana rage dalmar jini amma ba ya mayar da basirar da ta riga ta tafi. Yana ceton rai, iyakarsa ke nan. Waɗansu yaran sun tashi da makanta ko shanyewar jiki, waɗannan kowa ya gan su. Mafi yawa kuwa sun tashi da ƙafafunsu, suka shiga makarantar allo da ta boko. Yaron da ke da shekara 3 cikin 2010 ya cika 18 cikin 2025. In malami ya biya masa sau goma bai riƙe ba, ko aka aike shi abu uku ya dawo da ɗaya, ko ya zama mai saurin hannu, me za a ce? Za a ce taurin kai, a ɗauko bulala. Tambayoyi 11 da malaman Chelsea suka amsa, duk malamin da ya taɓa riƙe aji a ƙasar nan zai gane su. Bulala ba ta fitar da dalma daga ƙashi. Abin da masana suka ga yana taimakon irin wannan yaro shi ne a sa shi gaba kusa da malami, a gutsuttsura masa darasi, a maimaita ba tare da tsawa ba, a kuma kula da cikinsa. 'Yan matan cikinsu kuwa akwai ƙarin magana, domin dalmar da ta ɓuya a ƙashi ta kan fito lokacin goyon ciki ta isa ga ɗan da ba a haifa ba. Ya kamata duk wadda ta girma a ƙauyukan nan ta faɗa wa ma'aikatan awo.

Mutumin Rawayya ko Bunguɗu ko Tsafe zai iya cewa wannan maganar mutanen Anka ce, mu sunan garinmu ba ya cikin takwas ɗin nan. Gaskiya ne ba ya ciki. Amma ƙura ba ta san iyakar gunduma ba. Saurayin da ya tafi wurin haƙa ya dawo da ita a rigarsa da takalminsa da gashin kansa, ya ɗauki ƙaninsa ya yi masa wasa. Inda a ke fasa tsohon batir a narka dalmarsa, da inda a ke kankare tsohon fenti, duk wuraren haɗari ne ga mai rarrafe. Akwai kuma abin da ke cikin tandun kusan kowace tsohuwa. Tozalin dutse mai ƙyalli da a ke sayarwa a kasuwanninmu, mafi yawansa uwar dalma ne. Cikin 2011, a birnin Boston, garin da Byers da Needleman suka yi aiki, aka sami wani jariri ɗan wata shida, ɗan 'yan Nijeriya, awon jininsa 13. Da aka bincika sai aka tarar kwallin da a ke sa masa ne, wanda aka kawo daga gida, fiye da kashi 82 cikin 100 nasa dalma. Jariri ya kan murza ido ya tsotsi yatsa. Ƙasar da ta yi suna da malamai tun zamanin 'Yandoto bai kamata ta yi wasa da abin da ke rage wa 'ya'yanta riƙon karatu ba.

Hana haƙa dai bai yi magani ba, domin yunwa ta fi doka kusa. Abin da aka gwada ya yi amfani shi ne a riƙa fesa ruwa wajen fasa dutse da niƙa don ƙura ta kwanta, mai haƙa ya yi wanka ya sauya tufafi a can kafin ya shiga gida, kada kuma a ci abinci a wurin aiki. Inda aka bi wannan, dalmar jinin masu haƙar kansu ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara cikin Afrilu na 2019 saboda 'yan bindiga, ta ɗage hanin cikin Disamba na 2024. Sa'ad da mutanen Dareta suka riƙa kai dutse tsakar gidajensu, oza ɗaya ta zinariya tana tsakanin dala 1,000 da 1,200. Cikin watan Maris na 2025 ta wuce dala 3,000.